Jeton Ɗaya

Dakoro, ranar Talata, kafin ruwan farko

Zuwa ga aminina Attaher,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Halimatu Sa'adiya da su Ahmed. Yaya zafin Yamai, yaya aikin furoje? Mu nan muna cikin rufin asirin Allah. Dela tana gaishe ku. Nana 'yarmu tana can makarantar lise a Maradi, sai hutu muke ganin ta.

Na san abin da za ka fara cewa. Mutum ya yi wata takwas ba ya ɗaukar waya, sai ga shi da takarda kamar zamanin kakanni. Na ga kiranka duka, kuma ba fushi nake yi ba. Akwai dalili, zai zo a lokacinsa. Na ba Mainassara direban kar ɗin Yamai wannan, ya ce ya san buronku, wato ofishinku.

Shawara nake nema, kuma kada ka yi mini dariya. Ka tuna shagon Abarci na bakin tasha, Allah ya ji ƙansa? Ka tuna dogon akwatin wasan nan mai tsagaggen gilashi, wanda ba ya kamawa sai an tada gurup, injin wutar nan nasa mai tari? Wasan mutumin da ke ratsa hamada da bindiga yana kwance fursunoni, wanda muka sa wa suna Kunama saboda dodon ƙarfen da ke tsare da mataki na bakwai. To, na same shi. Ba akwatin ba, shi kam ya daɗe da zama akurkin kaji a gidan magadan Abarci. Wasan kansa na samu. Yazidu mai gyaran waya ya kwafo mini shi daga Maradi, ɗan abu ne da bai kai hoton biki ɗaya nauyi ba. Shekara ashirin da shida ina tuna abin nan, ashe iyakar girmansa ke nan.

Sai dai ordinatar, wato kwamfuta, ba ta san shi ba. Tsohuwar nan tawa ce ta tebur, wadda nake buga jarrabawar 'yan lakwal da ita. Yazidu ya ce sai an sa mata abin da ake kira emilatar, wato manhajar da za ta sa ordinatar ta ɗauki kanta akwatin Abarci ce. Ya kawo guda biyu ya ce in zaɓa.

Ta farko mai nauyi ce. Tana kwaikwayon akwatin har da aibinsa. In ta tashi sai ta cika ekran, fuskar na'urar, da 'yan murabba'ai masu launi, ta yi kukan nan na ɗan akuyar da igiya ta shaƙe, kuma inda abokan gaba suka yi yawa sai ta ja ƙafa daidai wurin da na Abarci yake ja. Tana sa ordinatar zafi, fankar ciki ta yi ta gunaguni. Ta biyu mai sauƙi ce, nan take take tashi, launinta fes, an cika ta da dabaru da ban ma gama duba su ba. Yazidu ya ce kowa ita yake ɗauka, wai bai ga dalilin da zan wahalar da tsohuwar na'ura don in ji kukan akuya ba.

Ban zaɓa ba, don ba ni kaɗai ke da wasan nan ba.

Ka san ba mu taɓa ganin ƙarshensa ba. Duk Dakoro babu wanda ya gani. Abarci yakan ce wanda ya kashe Kunama zai ga abin da ido bai taɓa gani ba, in muka matsa masa da tambaya sai ya bi mu da tsintsiya, don shi ma bai sani ba. Sau uku muka kai gabanta. A na ukun har mun karya mata ƙari, sai gurup ya mutu. Ka zauna bakin kwata kana kuka, ni ina zagin injin har kakanninsa. Bayan sati biyu sakamakon jarrabawa ya fito, ka tafi Maradi, daga can Yamai, daga can ƙasashen da ni sai a taswirar aji nake nuna su da sanda. Ni na tsaya na zama mushe, malamin lakwal, a Ɗan Gulbi.

Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba. Ka zo Dakoro ko da yini ɗaya ne, mu zauna mu ƙarasa shi yadda muka saba. Ka gaya mini wadda za a sa cikin biyun, in shirya kafin ka iso. Tun da ka zama babban mutum ban taɓa roƙon ka komai ba, kai shaida ne.

Ka gaishe da iyali da kyau. Allah ya bar zumunci.

Naka tun ƙuruciya,
Zakiru


Dakoro, ranar Lahadi, bayan shuka

Attaher,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar gida da ta yara. An yi ruwa sau biyu, mutane sun yi shuka, garin ya yi ƙanshin ƙasa. Mu lafiya, gwargwadon hali.

Saƙon muryar da ka turo a wayar Dela ya iso. Sau huɗu na saurare shi. Na ji daɗin dariyarka, ba ta tsufa ba. Na kuma ji shawararka: in ɗauki mai sauƙi, don tana da hanyar haɗa mutum biyu ta reso, layin sadarwar waya. Ni a Dakoro in zama ɗan wasa na ɗaya, kai a Yamai ka zama na biyu, ranar Lahadi in ka samu sarari. Ka ce zamani ya kawo sauƙi, ba sai kowa ya sha wahalar hanya ba.

Ba zan ma tsaya kan reson Dakoro ba, wanda in hadari ya haɗu a Sabon Maci sai ya ɗauke a nan. Abu ɗaya zan tambaye ka. Yaushe ni da kai muka taɓa zama mutum biyu a wasan nan?

Tunda ka manta, bari in tuna maka. Ranar kasuwa muke zuwa kara mu riƙe wa dillalai igiyar raguna tun hantsi har azahar, rana tana dafa mana ƙeya. Abin da muke samu jeton ɗaya yake saye, ɗan kwabon ƙarfen da ake jefa wa akwatin ya fara wasa. Ɗaya tak, kuma Abarci bai san kyauta ba. Shi ya sa muka raba mutumin gida biyu. Ni ina hagu da sandar tuƙi, wadda yaran tasha ke ce wa muciya. Kai kana dama da maɓallai, ja na harbi, fari na nakiya. Ni ne ƙafafunsa, kai ne bindigarsa. Ban taɓa danna jan nan ba a rayuwata, kai kuma ranar da ka gwada muciya, cikin rami ka jefa shi tun kafin ya ga abokin gaba.

Ka tuna gwiwa? Harsashin wasan nan bai san fursuna ba, duk wanda ya samu kashewa yake. In na hango wanda aka ɗaure a turke sai in buga maka gwiwa, ka ɗaga yatsa, in matsa in kwance shi. Daga baya ma kafin gwiwata ta taɓa ka, ka riga ka ɗaga. 'Ya'yan 'yan kasuwa masu aljihu cike da jeton suna ta ɓarin wuta suna kashe bayin Allah, mu kuwa bayan watan farko ba mu sake kashe ko ɗaya ba. Har direbobi suna barin lodi su zo kallon yaran nan biyu masu jeton ɗaya. Wannan ne ka mayar ɗan wasa na ɗaya da na biyu. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu ga dalilin da na ce zai zo. Wata tara ke nan, ina tsaye ina rubutu a allo, alli ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, sai na farka a gadon likita a Maradi. Tansiyo ce, hawan jini, ta shanye mini ɓarin dama. Ƙafar ta ɗan dawo, ina jan ta zuwa masallaci da sanda. Hannun kuwa yana nan kwance bisa cinyata kamar na aro. Harshena ya yi nauyi, in na yi magana Dela kaɗai ke ganewa, ita ma sai ta kalli bakina. Shi ya sa ba na ɗaukar waya. Da yatsa ɗaya na hagu nake buga takardun nan, wannan kwana biyu ta ci mini. Ni na hana Dela ta gaya maka. Girman kai ne, na sani, amma ban so mutumin da muka yi tseren jakai tare ya ji ni ina kokawa da sunansa.

Aji ya tafi, wani mushe yana can a kujerata. Ba na iya ɗaura wando sai an taimake ni. Alwala ma Dela ke zuba mini ruwa. Mai gashin ƙashi da motsa jiki ya ba ni ƙwallon roba in dinga matsawa, na matsa har na tsane shi. Wata rana ina zaune a zaure ina kallon hannun da ya rage mini, sai na tuna akwai abu ɗaya a duniya da na fi kowa iyawa a garin nan, kuma hagu kaɗai yake bukata. Hannun muciya ne Allah ya bar mini, Attaher. Na maɓalli ne babu.

To ka ga reso ba zai yi mini komai ba. Ba abokin wasa na rasa ba, rabin mutumin na rasa, kuma a wurinka yake.

Kada ka aiko da komai. Ka zo kawai.

Ka gaishe da Halimatu Sa'adiya. Wassalam.

Zakiru


Dakoro, ranar Alhamis, gero ya kai gwiwa

Ɗan'uwana Attaher,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali duka. Yaya gajiyar aiki? Mu nan sai godiya, damina tana tafiya daidai.

Dela ta ce da ka kira ta kuka ya hana ka magana. Na ji kunya, na kuma ji sanyi a raina, ban san wanne ya fi ba. Magungunan da na ce kada ka aiko sun iso, Mainassara ya kawo su har ƙofa. Na gode. Batun kai ni Yamai wurin babban lokotoro, a bar shi sai mun haɗu. Abin da na riƙe cikin duk maganarku shi ne kuna da misiyo, tafiyar aiki, zuwa Azagor wurin makiyaya nan da sati biyu, kuma dole ku bi ta Dakoro.

Na yanke shawara, mai nauyin na sa. Yazidu ya girgiza kai ya ce kuɗin kuran, wutar lantarki, zan ƙara wa kaina, amma ya yi aikin. Sai da ya koma Maradi, don ita mai nauyin ba ta karɓar kowane kwafi, sai wanda ya yi daidai da na asali ƙwaya da ƙwaya. Wannan taurin kan nata ya burge ni. Ranar da ta tashi ta yi kukan akuyar nan, sai da na ji warin man gurup da na soyayyen ƙosai a hancina.

Halidu kafinta ya haɗa mana ɗan akwati na katako, aka dasa masa muciya a hagu, ja da fari a dama. Na sa ya auna tazarar da ke tsakani da tafin hannuna, yadda na tuna ta. Ya yi benci mai cin mutum biyu, na ce ya rage tsawonsa, don in da fili gwiwa ba za ta kai ba. Ya ɗauka ciwon ya taɓa mini kai, ya dai yanke.

A ordinatar jeton ba ya ƙarewa, maɓallin lamba biyar kawai za ka danna a kilabiye, allon haruffan nan, ya faɗa. Wannan bai yi mini ba. Na aika gidan Abarci, suka tono mini jeton ɗaya na gaske cikin tsohon gwangwani, duk ya yi tsatsa. Shi nake ɗorawa bisa lambar. Sau ɗaya a yini ake ɗaga shi, ka san dokar.

Ina gwaji kowace la'asar, ba harbi, sai kauce-kauce. Hannun bai manta ba. Jiya na kai har gadar farko ba tare da harsashi ɗaya ya fita ba, can suka taru suka gama da ni. Na yi dariya har Dela ta leƙo, ta ce rabon da ta ji wannan tun kafin in faɗi. Ta sayo shayi da sukari da cuku mai kyau saboda kai. Ka motsa yatsan nan naka, na san alƙalami ya lalata shi.

Allah ya kawo ku lafiya, ya kiyaye hanya.

Mai jiran ka,
Zakiru


Dakoro, ranar Asabar

Attaher,

Assalamu alaikum. Ina fata kun koma Yamai lafiya, kun tarar da gida lafiya. Dela tana gaisuwa.

Kwana tara na bari kafin in rubuto, don kada in rubuta abin da zan ji kunyarsa. Ban tabbata taran sun isa ba.

Ka zo, ba zan ce ba ka zo ba. Minti arba'in, Dela ta duba agogo. Tun hantsi nake zaune a zaure cikin farar rigata ta Juma'a. Sai la'asar farar motarku ta tsaya, direban bai ko kashe inji ba, ina jin sa har ka fita. Na miƙa maka hagu, don ita gare ni. Ka tsaya. Ɗan tsayawa ne da bai kai ƙiftawar ido ba, amma na gani. Na san tun muna yara ake dukan mu kan miƙa hagu, ban ga laifinka ba a nan. Ka kama wuyan hannuna ka rungume ni, idonka yana bango. Har ka tafi ba ka dubi hannun daman ba ko sau ɗaya. Na yi maka barka da zuwa, ka juya wurin Dela ta fassara. Daga nan ita ka yi ta tambaya ko ina cin abinci, ko ina barci, ko ina shan maganin, ni kuwa ina zaune tsakaninku kamar buhun gero.

Duk wannan na haɗiye shi, don na san ɗaki yana jiran mu. Da ka ga akwatin Halidu ka yi dariya ta gaske, irin ta da, ka shafa jan maɓallin da ɗan yatsa.  Na ja jiki zuwa hagu na bar maka wurinka, na kai hannu zan ɗaga jeton. Sai ka zauna ka ture akwatin gefe, ka jawo kilabiye, ka fito da kile daga aljihu, ɗan abin nan na kwafe-kwafe.

Ka ce tun da ka karanta takardata ba ka huta ba. Ka sa masanin ordinatar na buronku ya bincika, an samo maganin matsalata. Mai sauƙin nan tana da dabarar da ke sa jan maɓalli ya dinga buga kansa ba tsayawa. Cikin minti goma ka sa ta, ka saita komai, ka nuna mini. Ga mutuminmu tsaye a hamada yana ta ɓarin wuta, babu hannun kowa a kansa. Ka ce yanzu ba sai na jira kowa ba, duk sa'ar da na so sai in kunna in yi abina. Fuskarka tana ta haske, irin na wanda ya haƙa wa ƙauye rijiya.

Na so in yi magana, harshen ya ƙi. Sai na buga maka gwiwa. Ban yi niyya ba, ƙafar ce ta tuna da kanta. Ka matsa can ƙarshen benci, ka ce in yi haƙuri, ashe ka matse ni.

Na sha ciwo a shekarar nan, Attaher. An soka mini allurai, an juya ni kamar jariri a gaban mutane. Babu wanda ya kai wannan.

Dela ta kawo shayi. Na farko ka sha a tsaye, direba ya yi hon, ka ce dole ku isa Azagor kafin hadari ya rufe hanya. Kai jikan Kaka, yau kai ne ka bar shayi a kofin farko. Da tana da rai da ta ja maka kunne a gaban direban naka, ita da ba ta barin ko mai tallar goro ya tashi sai ya sha na uku. Dela ta dafa na biyu da na uku duk da haka, don ta riga ta zuba sukari. Ni na sha nawa na sha naka.

Ka ce in kun dawo za ka tsaya. Mainassara ya ga motarku ranar Laraba tana shan mai a bakin tasha, taku kaɗan daga inda shagon Abarci yake. Saƙonka ya zo daga baya cewa an kira ku taron gaggawa. Na yarda, ban taɓa sanin ka da ƙarya ba. Kai mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ka aiko magani, ka nemo lokotoro, ka sa ma'aikaci ya yi bincike saboda ni. Komai za ka iya ba ni, in dai ba zama ba ne.

Ban taɓa abin da ka sa ba. Yana nan a ekran kusa da nawa.

Wassalam.

Zakiru


Dakoro, ranar Litinin, an fara yankan gero

Zuwa ga Attaher,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Halimatu Sa'adiya da su Ahmed. Amfanin bana ya yi kyau, Allah ya sa a ci lafiya. Saƙonninka uku sun zo kana tambaya ko dabarar tana aiki. Ga amsa.

Tana aiki. Ranar Lahadin da ta wuce waccan, Dela ta tafi suna maƙwabta, gidan ya yi shiru, zuciya ta ci ni. Na ce bari in gani, wataƙila ni ne mai taurin kai, wataƙila kai ke da gaskiya. Na ɗauke jeton na ajiye gefe, na buɗe taka.

Fursunan farko yana ɗaure a turkensa inda yake kullum, bayan gadar nan. Na hango shi, na buga gwiwa, ta sami ƙafar tebur. Harsashi ya riga ya same shi. Ka tuna ƙarar da suke yi? Ni na manta, don mun daɗe ba mu ji ta ba. Ranar na ji ta har na gaji. Babu wanda ya tsira, tun daga mataki na ɗaya har na bakwai. Na yi ƙoƙarin juya bakin bindigar sama in na zo kusa da su, amma sai na tunkare su kafin in kwance su, ita kuwa ba ta tsayawa. In an kashe ni in danna biyar, in sake dannawa, ban ma ƙirga ba. Na zama ɗaya daga cikin 'ya'yan 'yan kasuwar nan da muke rainawa.

Kafin kiran azahar na kai gaban Kunama. Ba ta yi wani abin kirki ba, ruwan harsashi ya narkar da ita. Ta faɗi, ekran ya yi fari, wani kiɗa ya fara da ban taɓa ji ba. Na saki muciya. Na ga kamar ƙofa tana buɗewa, kamar akwai mutane a bayanta. Iyakar abin da na gani ke nan. Jan maɓallin yana nan yana buga kansa, shi kuwa wasan in aka danna ja a wurin, yana ɗauka an ce a wuce. Hoto ya bi hoto kamar an watsa kati, kiɗan ya yanke, sai ga ni a farko ana neman jeton. Abin da muka jira shekara ashirin da shida ya wuce ban gan shi ba.

Masaninku bai yi kuskure ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Ya koya mata bugu. Ni kuwa ba bugunka ya sa nake neman ka ba, kowane yaro a tasha ya iya bugu. Kai ka san lokacin ɗaga yatsa.

Yazidu ya ce abu ne mai sauƙi, a kashe dabarar in an zo ƙarshe. Ya ce ma a waya akwai waɗanda suka ɗauki ƙarshen wasan, in ina so ya nuna mini yanzun nan. Na ce ya mayar da wayarsa aljihu, ya cire mini mai sauƙin daga ordinatar gaba ɗaya. Ya cire. Kilenka yana cikin ambulan ɗin nan, ka duba kada ya faɗi.

Dela ta dawo daga suna ta tarar da ni a bencin. Washegari da la'asar, ta gama wanke-wanke, ta goge hannu a zane, ta zo ta zauna a dama. Matar da shekara goma sha takwas take cewa wasan nan shirmen yara ne. Ta ɗaga jeton da kanta. Yatsanta a hankali yake, in nakiya ta fashe sai ta rufe ido. Ranar farko da na buga mata gwiwa ta harare ni, ta ce in ji kunya da rana tsaka. Yanzu ta gane, har ta wuce gona da iri, tana ɗaga wa kowa yatsa, har abokan gaba in ta ga kamar yara ne. Ba mu wuce mataki na biyu ba tukuna. Fursuna ko ɗaya bai mutu a hannunta ba.

Mai nauyin muke yi, jeton ɗaya a yini. A yadda muke tafiya zai ɗauke mu shekara, ko biyu, ko ma ba za mu kai ba.

Ranar Alhamis na koma Maradi. Lokotoro ya duba hannun, ya murza, ya soka, ya ce in ci gaba da addu'a. Na gane abin da yake nufi. A hanyar dawowa na jefar da ƙwallon robar ta tagar mota. Na daina jiran hannun, kuma tun da na daina jiran sa na ga ashe jiranka ma ya tafi tare da shi.

Ba gaba nake yi da kai ba. In hanya ta biyo da kai Dakoro, ƙofa a buɗe take, shayi yana nan har na uku. Sai dai bencin mutum biyu yake ci, ni na sa aka rage shi. In Allah ya nufa ni da Dela muka ga abin da ke bayan ƙofar nan, kada ka jira takarda, ba zan rubuto in gaya maka ba.

Ka gaishe da iyali. Allah ya ƙara ɗaukaka, ya sa mu gama lafiya.

Zakiru mai muciya